Zanen da ba a ɗaurawa

Tambaya: Malam, na karanta cewa gidajen tarihi a Turai suna rataye "zanen Dior" a bango. Zanen ɗaurawa ake nufi? (Wata mai karatu daga Damagaram)

Laifin rubutun boko ne, malama, ba naki ba. Kalmomi biyu ne suka sa riga ɗaya. Zanen ɗaurawa wasalinsa gajere ne, jam'insa zannuwa. Na alƙalami kuwa sai an ja wasalin, daga aikatau *zana* ya fito, jam'insa zane-zane. Shi ake nufi: siffar riga da mai tsara tufafi yake zanawa a takarda kafin almakashi ya taɓa yadi. Christian Dior, mai tsara tufafin nan na Faransa, shi kansa da sayar da irin waɗannan takardu ya shiga sana'ar, kafin ya fito da kayansa na farko a Paris a 1947. A lokacin kayan aiki ne kawai, a miƙa wa maɗinka su bi. Da ya rasu a 1957, Yves Saint Laurent ya gaje shi yana ɗan shekara 21, kuma yanzu nasa zane-zanen suna da gidajen tarihi biyu, a Paris da Marrakesh, duk an buɗe su a 2017. Wato takardar ta tashi daga teburin tela ta koma bayan gilashi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu karanta labarai a rediyo da ba sa jan wasalin. Rannan na ji wani ya ce an sayar da zannuwan wani mai fenti! Ka ji fa. Ga kuma *zane* ta uku, wadda malamin allo yake yi wa almajiri da dorina; ita ma 'yar gidan *zana* ce, don tana barin layi a jiki.

Tambaya: *Yayi* da *salo* ɗaya ne?

A'a. Yayi yana wucewa, salo na mai shi ne.

Tambaya: "Da tsohuwar zuma ake magani" ta dace da waɗannan takardu?

Ta dace in ɗalibin ɗinki ya je ya kalla ya koyi yanka. Wanda ya je ɗaukar hoto da waya sai ya nemi wata karin maganar.