Jikata lafiya lau take, me ya sa za a riƙa ba ta magani kullum?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ni tsohuwa ce a Aboabo, Kumasi. Da surukata ta haihu an ɗiga jini daga dunduniyar jaririyar, daga baya aka kira mu aka ce sikila ce, SS. Yanzu watanta uku, tana nono, tana ƙiba, amma an ce a ba ta magani safe da yamma. Ubanta ya ce a bari sai ciwo ya zo. Ƙaninsa da ke jami'a ya ce wani babban farfesa ne ya kawo gwajin nan. Wane ne shi, kuma mu bi maganar wa?

Amsa: Hajiya, Allah ya raya mana ita. Ku ba ta maganin, kada ku tsallake ko kwana ɗaya.

Lafiyar da kike gani ta gaskiya ce, sai dai aro ce. Jariri yana zuwa duniya da irin jinin da ya rayu da shi a cikin ciki, kuma wannan jinin ba ya lanƙwashewa. Wajen wata shida yake ja baya, jinin sikila ya karɓi wurin. Abin da ciwon ke fara lalatawa a ɓoye shi ne saifa, wadda ke tace ƙwayoyin cuta daga jini. Idan ta raunana, zazzaɓin da wani yaro zai warke cikin kwana uku yana iya ɗauke mai sikila a dare ɗaya. Maganin da aka ba ku fenisilin ne, shi ke tsaya wa saifar. A 1986 wani bincike a Amurka ya nuna cewa ba yara shi kullum ya rage mugunyar cutar da ƙwayoyin cuta ke jawowa a jini da kashi 84 cikin ɗari. Ana ci gaba da shi har shekara biyar.

Farfesan kuwa shi ne marigayi Kwaku Ohene-Frempong, ɗan Ghana, likitan jinin yara da ya daɗe yana jagorantar cibiyar sikila a asibitin yara na Filadelfiya a Amurka. Ɗansa na fari da sikila aka haife shi, saboda haka ya san zafin da kike ji tun daga cikin gidansa. Shi ya jagoranci fara gwajin jarirai a nan Kumasi a 1995, a asibitin koyarwa na Komfo Anokye, a lokacin da ake ganin irin wannan sai ƙasashe masu kuɗi. Gwajin ya nuna cewa kusan jarirai biyu cikin kowane ɗari sikila gare su. Ya kuma kafa Gidauniyar Sikila ta Ghana. Ya rasu a 2022.

Mu a jami'a muna auna mai bincike da yawan takardunsa da yawan masu kafa hujja da su, kuma ta nan ma ya yi fice. Takardarsa ta 1998 ta nuna cewa kusan kashi 11 cikin ɗari na masu SS suna samun shanyewar ɓarin jiki kafin su cika shekara ashirin, har yau likitoci na dogaro da ita. Amma ni abin da ya fi taɓa ni shi ne wannan kiran da aka yi muku. A da, uwa a Zongo takan binne yaro biyu ko uku a ce iska ce ko amosani, ba wanda ya san sunan abin. Ke kin sani tun jikarki ba ta yi ciwon farko ba.

Ina roƙonki abu ɗaya, tunda ke ce babba a gida: kada a ɗora wa surukarki laifi. Yaro ba ya zama SS sai ya gada daga uwa da uba duka. Idan su biyun AS ne, wato kowannensu ya gaji sikilar daga ɓangare ɗaya kawai, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu, kuma lissafin sabo yake dawowa a kowace haihuwa. Su je a gwada su tare. Sauran samari da 'yan matan gidan ma a gwada su kafin aure, a kula da harafin C, wani nau'in jinin gado, domin yana da yawa a mutanen arewacin Ghana da Burkina Faso, kuma SC ma sikila ce.

Jaririyar ta kwana cikin gidan sauro, a cika mata duk alluran rigakafi. Ranar da za ku koma asibiti ki ce nas ta koya wa uwar yadda ake taɓa saifa a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, ku kuma tambayi likita game da maganin sikila mai suna haidiroksiyuriya da awon jijiyoyin kai da ake farawa daga shekara biyu. Idan jikinta ya yi zafi ya kai digiri 38, ko hannu da ƙafa suka kumbura, ko tafin hannunta ya yi fari fat, ko ta ƙi nono, ku ɗauke ta zuwa asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne, ku faɗa tun daga ƙofa cewa jaririya ce mai SS.