Tambaya da Amsa: Yayana na bin zanga-zangar Tamil a Paris, Inna ta kasa barci

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, da fatan kuna lahiya da iyali. Ni mai karanta filin ga naku ne daga Tawa. Yayana ya tahi bida shekara bakwai ke nan, ya fara da Libiya yanzu shina Paris shina aiki kicin ɗin wani restora, kuma kusan duk abokan aikinshi 'yan Siri Lanka ne da ake ce ma Tamil, ya ce sun riƙe shi kamar ɗan'uwa, su suka koya mashi aikin har suka kai shi wajen sandikan da ke taimaka mashi da maganar takardu. To cikin watan Mayu ya turo muna bidiyo ta WhatsApp shina tsakiyarsu cikin zanga-zanga, wasu ɗauke da hotunan mutane wasu da jar tuta mai damisa da bindigogi. Tun da Inna ta ga bindigogin nan ba ta barci. A fadarmu wani ya ce 'yan ta'adda ne, wani ya ce a'a zaluntarsu aka yi. Shi ko yayana cewa ya yi abokanshi 'yan hagu ne ba ruwansu da tutar. Malam su wa ne mutanen ga? Mi ake nufi da 'yan hagu? Kuma wane amfani ihu daga Paris zai yi ma wanda ke can wata uwa duniya?

Mai karatunku, daga Tawa

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka gaishe min da Inna da kyau, damuwarta ba abin mamaki ba ce, a Adar da wuya ka shiga gidan da babu uwa mai jiran kiran waya daga nesa. Mutanen nan biyu na fadarku kowa ya kama gefe ɗaya na gaskiya, amma akwai gefe na uku da babu wanda ya taɓo cikinsu, shi ne na abokan yayanka, kuma a kansa na fi son in daɗe.

Siri Lanka tsibiri ne a kudu da Indiya, mutum wajen miliyan 22. Kusan kashi 75 cikin ɗari Sinhala ne, mafi yawansu mabiya Buda, Tamil kuma wajen kashi 15, sai Musulmi kashi 9 da ɗoriya waɗanda galibinsu harshen Tamil suke ji amma suna ƙirga kansu al'umma ta daban. Ingila ta ba ƙasar 'yanci a 1948, kuma a shekarar aka yi dokar da ta hana Tamil masu aiki a gonakin shayi zama 'yan ƙasa, mutanen da Turawa suka kwaso kakanninsu daga Indiya don tsinkar ganye. Lipton ɗin nan da mai shayi ke haɗa muna da safe, a gonakin tsibirin nan sunansa ya yi ƙarfi. A 1956 aka zo da dokar da ta ce Sinhala kaɗai ne harshen gwamnati, ma'aikaci ɗan Tamil ko ya koya ko ya manta da ƙarin girma, daga baya aka sauya tsarin shiga jami'a yadda ɗan Tamil sai ya fi maki kafin ya samu gurbi. A 1981 aka ƙone laburaren Jaffna, babban birnin Tamil a arewacin tsibirin, da littattafai sama da 90,000. Sai Yulin 1983, bayan mayaƙan Tamil sun kashe sojoji 13, aka bi Tamil gida gida a Kolombo, birni mafi girma a ƙasar, ana kisa ana ƙone shaguna. Daga nan ne gudun hijira ya ɓarke, shi ya sa yau ka gan su cike da Toronto da Landan da unguwar La Chapelle a Paris.

Maganar harshen nan ta 1956 ni tana tsaya min a rai, don mu ma a nan Nijar tun Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa, na yi murna ba zan ɓoye ba, amma mu Hausawa yanzu mu ke zaune a kujerar masu rinjaye, kuma Bazabarme da Buzu da Bafillace da Babarbare suna kallon yadda za mu riƙe abin.

Tutar da ta tsorata Inna daga ƙungiyar LTTE ta samo asali, wadda ake kira Damisan Tamil, Velupillai Prabhakaran ya kafa ta a 1976 don ɓalle arewa da gabas. An gwabza har Mayun 2009, lokacin da sojoji suka matse mayaƙan tare da dubban ɗaruruwan fararen hula a wani siririn bakin teku da ake kira Mullivaikkal. Kwamitin ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2011 fararen hular da suka mutu a watannin ƙarshe za su iya kaiwa 40,000, akasari da luguden wutar sojoji, har asibitoci ba a bari ba, ya kuma ce Damisan sun yi garkuwa da mutane sun harbi masu gudu. Ranar 18 ga Mayu ake tunawa da su, to bidiyon yayanka na wannan ranar ne ko kusa da ita. A ranar suna dama kunun shinkafa tsararo, ruwa da gishiri kawai, su raba a ɓawon kwakwa, don shi ne abin da ya riƙe ran mutane a kwanakin nan. In yayanka ya sha, to ya sha ta'aziyya ce.

Amma wanda ya ce 'yan ta'adda a fadarku bai yi ƙarya a kan Damisan ba. Sun ɗauki yara aikin soja, sun yi ƙunar baƙin wake, su suka kashe tsohon firaministan Indiya Rajiv Gandhi a 1991. Ranar 3 ga Agusta 1990 suka buɗe wuta a masallatan garin Kattankudy da ke gabashin tsibirin mutane na salla, aka kashe sama da 140, a Oktoban shekarar kuma suka kori Musulmin arewa kaf, wajen mutum 70,000, na birnin Jaffna awa biyu kacal aka ba su su fita. Wannan duk Musulmin da zai yi maganar nan ya kamata ya sani.

To ina 'yan hagu suke a cikin wannan? In kana son ka gane su ka tuna da Sawaba ta Djibo Bakary, ko sandikoki da ɗaliban da suka hau gadar Kennedy ta Yamai suna zanga-zanga a Fabrairun 1990, wato masu cewa talaka da ma'aikaci su ne gaba, kuma ƙabila ko addini kada su sa wani ya fi wani a gaban doka. A Siri Lanka jam'iyyar 'yan hagu ta LSSP da aka kafa a 1935 ta tsaya a 1956 a kan a daidaita harsunan biyu, jigonta Colvin R. de Silva ya gargaɗi majalisa cewa harshe biyu zai bar ƙasa ɗaya, harshe ɗaya kuma zai haifar da ƙasa biyu. Abin takaici shi ɗin dai da ya shiga gwamnati shi ya jagoranci rubuta tsarin mulkin 1972 da ya fifita addinin Buda ya kuma tabbatar da Sinhala. Wannan juya bayan na cikin abin da ya sa samarin Tamil suka yanke ƙauna da siyasa suka ɗauki bindiga, don haka kada ka ɗauka sunan hagu kaɗai ya isa shaida.

Waɗanda nake girmamawa su ne 'yan ƙalilan da suka ƙi yin shiru ga kowa. Akwai Rajani Thiranagama, likita kuma malama a jami'ar Jaffna, ita kanta ta taɓa goyon bayan Damisan, ta yi karatu a Ingila tana da damar zama can amma ta dawo, ita da abokan aikinta suka riƙa rubuta duk wanda aka kashe da wanda ya kashe shi, sojan gwamnati ne ko na Indiya da ke tsibirin a lokacin ko Damisa. Ranar 21 ga Satumba 1989 aka harbe ta tana kan kekenta za ta gida, shekararta 35, ta bar 'ya'ya mata biyu, kuma abokan aikinta sun ɗora alhakin a kan Damisan. Yayarta Nirmala Rajasingam ta ci gaba daga Landan, tana cikin waɗanda suka riƙe ƙungiyar Sri Lanka Democracy Forum, masu cewa a raba iko cikin ƙasa ɗaya, a mayar da Musulmin da aka kora, a dubi ma'aikatan gonakin shayi. Ka yi tunanin nauyin wannan, kana gudun hijira, gwamnatin ƙasarka na kiranka ɗan ta'adda, 'yan'uwanka da kuke unguwa ɗaya na kiranka maci amana, ga masu karɓar kuɗin yaƙi suna ƙwanƙwasa ƙofa. Ba jita-jita ba ce, a ƙarshen 2009 kotu a Paris ta yanke ma wajen mutum 20 hukunci kan tatsar kuɗi daga Tamil don Damisan.

Amfanin ihu daga nesa kuwa yana nan, sai dai bai kai yadda masu yinsa ke so ba. A 2009 sun tare babbar hanya a Toronto, sun kwana makonni gaban majalisar Ingila, bai tsayar da harsashi ko ɗaya ba. Amma matsin da suka ci gaba da yi, haɗe da na waɗanda ke gida, ya taimaka har majalisar kare haƙƙin ɗan Adam ta Jeneba ta amince a 2021 a tattara a kuma adana shaidun laifukan yaƙin. Mai ɗaukar nauyin gaske dai yana gida, iyaye mata da suka zauna bakin titi a garin Kilinochchi da ke arewacin tsibirin tun Fabrairun 2017 riƙe da hotunan 'ya'yan da suka miƙa ma sojoji da hannunsu ba su sake ganinsu ba, da yawansu sun rasu suna jira. Irin hotunan nan ne ka gani a bidiyon. Dokar ta'addanci ta 1979 da ake tsare mutum da ita ba shari'a ta kai har mulkin Anura Kumara Dissanayake, ɗan hagun da ya ci zaɓen shugaban ƙasa a Satumban 2024.

Ga Inna, ka faɗa mata taron juyayi ne, kuma ba kowane mai riƙe da tutar ba ne mayaƙi, da yawa wanda ya rasa uwa ko ɗa ne ba shi da wata alama sai ita. Ga yayanka kuma ka ce in ji ni, Tarayyar Turai ta sa LTTE cikin jerin 'yan ta'adda tun 2006, shi ko mai neman takardu ne, don haka kada ya ɗauki tutar, kada ya sa hotonsa da ita a Facebook, kada ya ba kowa ko dala sai ya san inda za ta. Ya ci gaba da zama da mutanen da suka riƙe shi, ya je masu gaisuwa ranar 18 ga Mayu, kuma wata rana in sun tashi aiki suna shan shayi ya tambaye su labarin Kattankudy da Musulmin Jaffna. In ya samu amsa ka rubuto min, ina son in ji abin da suka ce.