Inda ake jona gejin turbo a motar dizal

Malam, ka tambaya a ina za ka jona gejin auna matsin iskar turbo (na'urar da ke tura ƙarin iska cikin injin) a motarka mai shan dizal. Ɗauko iskar daga manifol na shigar iska (wanda ke raba wa injin iska), ko daga bututun da ke tsakaninsa da intakula (mai sanyaya iskar da turbo ke turowa). Matsin da ke nan shi ne injin ke samu a zahiri, domin iska tana ɗan rage ƙarfi idan ta ratsa intakula. In babu ƙofar da za ka jona, sai a huda, amma a cire bututun tukuna, kada ɓarɓashin ƙarfe ya faɗa cikin injin.

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya yanke siririn tiyon da ke sarrafa turbo ya jona a can. A yawancin motocin zamani wannan tiyon zuƙo iska yake yi daga famfo, ba turawa ba, gejin ba zai nuna maka komai mai amfani ba.

Geji mai kaiwa bar 2 ya ishi yawancin motocin da ba a taɓa injinsu ba (bar da psi ma'aunan matsin iska ne, bar 1 kusan psi 14.5 ne). Bi da tiyon ta robar da wayoyi ke shiga cikin mota, nesa da salansa. Kuma kada hankalinka ya tashi in allurar ta kwanta a sifiri mota na tsaye, sai ka taka totur da kaya za ta tashi.