Alhaji, masana'antarka ta rataya a kan yaro ɗaya

Wani mai masana'antar leda a Sharaɗa ya rubuto cewa injinsa yana aiki da tsohuwar kwamfuta mai Windows XP wadda ta fara yawan tsayawa, kuma dillali ya yanka masa miliyoyin naira kafin ya sauya ta. Ɗan ƙanwarsa da ya karanta injiniyanci ya ce zai sake rubuta manhajar da ke sarrafa injin ya ɗora ta a kan Raspberry Pi, wata ƙaramar kwamfuta mai girman tafin hannu, da kuɗi kaɗan, daga baya su riƙa sayar wa sauran masana'antun Bompai da Challawa. Yaron ya riga ya fara aiki, babu takarda a tsakaninsu.

Alhaji, shawarar barin tsohuwar kwamfutar daidai ce, domin kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows XP tun 2014. Raspberry Pi ma ba abin rainawa ba ce. Ta fito daga Ingila a 2012 a kan dala 35, kuma ana amfani da ita a masana'antu. Kuskurenka shi ne ka bar sirrin injin da ke ciyar da gidanka da ma'aikatanka a ƙwaƙwalwar mutum ɗaya, wanda kunyar mahaifiyarsa ba za ta bari ka titsiye shi ba ranar da abu ya lalace.

Na san wani mai injin casar shinkafa da ya yi haka da ƙanensa. Aiki ya yi kyau, sai yaron ya samu gurbin karatu a ƙasar waje. Wata rana aka ɗauke wuta daidai lokacin da na'urar ke rubutu a katin memori, katin ya lalace, babu kwafi, babu wanda ya san wace waya ce ta tafi ina. Injin ya yi makonni a tsaye a tsakiyar kaka, masu kawo shanshera suka koma wajen maƙwabcinsa. Ka ɗauka injinka yana kawo ribar naira 200,000 a rana: tsayuwar kwana 15 ta cinye miliyan 3, araha ta koma tsada.

Saboda haka kada a taɓa tsohuwar kwamfutar sai an kwafi duk abin da ke cikinta. Ka rubuta yarjejeniya, ka biya yaron ladan aikinsa kamar baƙo, a bayyana cewa asalin rubutun manhajar da zanen wayoyi da kalmomin sirri mallakar masana'anta ne, kwafinsu yana ofishinka. Sannan ka biya wani injiniya daban ya gwada tayar da injin da waɗannan takardu kaɗai. Idan ya kasa, aikin bai kammala ba. Shi ne kuma zai duba yadda aka haɗa Raspberry Pi, wadda kafofin haɗinta ke aiki da volt 3.3, da kayan inji masu volt 24, da akwatin da zai kare ta daga zafin Afrilu da ƙurar hunturu, ya tabbatar maɓallin tsayar da inji na gaggawa yana yanke wuta kai tsaye ba tare da jiran manhaja ba.

Maganar sayar wa wasu kuwa, ka ajiye ta. Wanda bai ga na'urarsa ta yi shekara guda tana aiki a injinsa ba, ba shi da abin da zai kai kasuwa. Ka fara da inji ɗaya, ka sayi na'ura ta biyu da katinta a shirye, ka kulle su a durowarka.