Amsa: Hawan dutse mai ƙanƙara kusa da Chamonix a watan Disamba

Malam, ka ce daga Zariya za ka tafi Faransa, kana son hawa dutse kusa da filin wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara na garin Chamonix ka dawo a yini ɗaya, kana tambaya ko rigar sanyin da ka saya a Sabon Gari ta wadatar. Gaskiya ba ta wadatar ba.

Abin tsoro shi ne gumi. In ka sa singiletin auduga, zai jiƙe a hawa, da ka tsaya hutawa sai ya sandare a jikinka. Sa kaya hawa uku: na ulu a ciki, mai kauri a tsakiya, mai tare iska a waje. Kowace mita 1,000 da ka hau, sanyi na ƙaruwa da kusan digiri 6.

Takalmi kuwa, ka yi hayar ƙarafa masu ƙaya da ake ɗaurawa a ƙasansa. A gangarowa aka fi zamewa, lokacin da gwiwa ta gaji, ƙanƙarar da ta narke da rana kuma ta sake daskarewa.

Duba hasashen zaftarewar dusar ƙanƙara. Matakan haɗarin daga 1 zuwa 5 ne, in ya kai 3 don Allah ka fasa. Kada ka bi hanyar masu zamiya, a guje suke saukowa.

Rana na faɗuwa kafin ƙarfe 5, saboda haka ka juyo da azahar. Riƙe tocila, baƙin tabarau da ruwan zafi a fulas. Waya ta zauna a aljihun ciki, sanyi na zuƙe batir. Lambar gaggawa 112 ce, kuma kada ka tafi kai kaɗai.