Amsar tambayarka kan ƙirga 'ya'ya

Wa alaikumus salam ɗana, saƙonka ya iso tun shekaranjiya, sai da na sa tabarau na karanta shi sau biyu ina dariya ni kaɗai har Goggonka ta leƙo ta ce ko lafiya. Wai an ba ka fom a can Japan an ce ka rubuta ku nawa ne a gidanku, ka buga wa mahaifiyarka waya ta ce maka "Alhamdulillahi, muna da dama" ta canza zance, shi ne kake tambaya wai al'ada ce ko addini ya hana a ƙirga 'ya'ya. Sai kuma a can ƙasa ka laƙa wata 'yar magana, wai kai da iyalinka kuna ganin biyu sun isa. Wannan ce ta tsayar min da dariyar.

Su mutanen da kake zaune cikinsu ai dole su ƙirga, abin da ya yi ƙaranci shi ake ƙirgawa. Na ji a rediyo cewa a 2024 jariran da suka haifa ba su kai 700,000 ba, waɗanda suka mutu kuwa sun kai wajen miliyan 1.6, kuma kusan mutum 3 cikin 10 sun ba shekara 65 baya, ga gidaje kusan miliyan 9 a rufe ba kowa ciki sai gizo-gizo. Hoton nan da ka turo na ƙauyen Nagoro, inda wata baiwar Allah take ɗinka mutum-mutumi tana zaunar da su a ajin makarantar da aka rufe don babu yara, wallahi na kasa nuna wa Goggonka da daddare.

Bari in ba ka labarin ƙidayar 1963. Ina ɗan shekara takwas, watan Nuwamba ne, an gama yankan gero an cika rumbuna. Sanƙira ya zaga gari da yamma yana shela cewa gobe malaman ƙidaya za su shigo gida gida kowa ya zauna, saƙon Sardauna ne. Kakanmu ya ce to. Inna kuwa, kakarmu, wadda kai ba ka riske ta ba, ba ta ce uffan ba, da asuba ta tashe mu mu shida ta sa aka ɗaga murfin babban rumbu ta dinga cusa mu ɗaya bayan ɗaya, mahaifiyarka tana goye lokacin ita ta tsira. Ka san ƙaiƙayin sabon gero? Ba ka sani ba. Ga duhu ga zafi ga jiki kamar ana zuba maka barkono, kuma an ce wanda ya yi tari zai sha tsumagiya. Muna jin mai unguwa da wani malami mai gajeren wando suna tambaya, Inna tana cewa yaran duk sun tafi ƙauye wajen dangi, can sai Tanko ya saki atishawa, wata irin atishawa da sai da kaji suka watse. Mai unguwa ya ce Inna, rumbun naki mura yake yi? Aka fito da mu fari fat kamar an tono mu, malamin yana dariya har biro ya faɗi, ya rubuta mu duka.

Da suka tafi ta zauna bakin murhu tana faɗa, ta ce shanu ake ƙirgawa don jangali, magidanta don haraji, yaro kuma in an ƙirga shi ko dai boko ta ɗauke ko baki ya kama. Tana yawan cewa ɗan da ka ƙirga ka nuna wa mutuwa ƙofa. Da bazara ƙyanda ta shigo gari, cikin mu shidan nan biyu suka tafi cikin mako guda, har da Tanko mai atishawa. Yanzu na san rashin rigakafi ne, na yi shekara 35 ina koyarwa ba sai an gaya min ba, amma je ka gaya wa Inna haka. Ita goma sha ɗaya ta haifa huɗu suka rayu, babanmu ma Ajuji ake ce masa don sai da aka kai shi kan juji aka ajiye wai ko mutuwa ta raina shi ta bar mata. Macen da ta ga wannan kake so ta tsaya tana lissafi da yatsu? Ni dai ban taɓa jin malami ya ce haramun ne ba, tsoro ne da kunya, kuma mahaifiyarka a hannun Inna ta tashi.

Ku kuwa yanzu tun ciki bai fito ba an ɗora hoton sikanin a Facebook, jariri ko cibiya ba ta faɗi ba duniya ta gama ganinsa. Ban ce mu ma mun yi daidai duka ba, ina ganin yaran da ke yawo da roba a bakin tasha, bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci amma ai ba a ce uba ya kwanta ba. Sai dai ka duba tsofaffin da kake gani a jirgin ƙasa, ga kuɗi ga fansho ga asibiti, kai da bakinka ka ce min wani sai ya yi makonni da mutuwa a ɗaki kafin a sani. Inna da za ta rasu sai da aka dinga korar mutane daga ɗakin don ta samu iska.

Maganar biyu sun isa, wannan ba ta waya ba ce, ka bari sai ka zo da sallah, kuma kada ka kuskura ka faɗa wa mahaifiyarka kafin nan. Fom ɗin ka rubuta tara, har da Yayarku da ta rasu kafin a haife ka. Kuka da daddawar da ka ce Goggonka ta haɗa, sai a samu mai tahowa.