Ina Zan Samo Sunan Kakanmu?

Tambaya: Kakanmu ya zo Kumasi fataucin goro daga Kano. A ina zan ga sunansa a rubuce? (Mai karatu daga Aboabo)

Amsa: Hajiya, fara da dattawan gida. Ki samo sunan mahaifinsa, laƙabinsa, da sarkin zangon zamaninsa. Sannan ki je ofishin PRAAD (hukumar adana tsoffin takardun gwamnatin Ghana) na Kumasi da katin shaida da fensir. Ki nemi kundin shari'o'in kotu, domin fatake sun fi bayyana wurin rigimar bashi ko gado. Inda ake tuntuɓe shi ne rubutun suna: akawun Turawa kan mayar da Abubakar "Bukari", Ahmadu kuma "Amadu", don haka ki gwada duka. In maganar fili ce, sai ma'ajiyar takardun fadar Manhyia, wato fadar sarkin Asante a Kumasi.